Ɗanwaken da Za Ka Ci a Dugabau

Gwarzo,
ranar Lahadi da hantsi.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, wadda ba ta fasawa ko da ranta a ɓace yake. Ina fata ka isa Dugabau lafiya, ka samu ɗakin da hedimasta ya ce zai nema maka, kuma ba ya yoyo. Allah Ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Babanka da ƙannenka suna gaishe ka. Kowa lafiya, labarin gida ke nan, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ka san ina da waya. Da gangan na ƙi kiranka, domin na san halinka: "To Umma, in sha Allahu Umma," hankalinka kuwa yana can wani wuri. Takarda ba a ce mata "to" a kashe. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ranar da za ka tafi kana zaune a tabarma a tsakar gida. Abokinka Nazifi ya kafe babur a ƙofar gida, ya shigo gaishe ni kafin ya kai ka tasha. Kana ta buɗe manhajar aji biyar da aka ba ka, sai ka tuntsire da dariya ka ce:

"Nazifi, ji wani abu. Wai a koya wa yara rubuta yadda ake yin abu daki-daki, wai a yi musu misali da girki. Duk karatun koyarwar da na sha, a ce in tsaya gaban allo ina cewa a zuba gishiri?"

Nazifi ya ce, "Malam Abba mai tuwo-tuwo! Ka ajiye mana benci, mu ma mu zo darasin miyar kuka."

Ka ce, "Tsallake shi zan yi. In masu duba makarantu za su zo, in rubuta musu guda ɗaya a allo su kwafa. Ni ba kuku aka ɗauke ni ba."

Ina bakin murhu na ji ku. Na yi shiru domin akwai baƙo, kuma ba na sallamar ɗa da faɗa ranar tafiya. To, shirun ya ƙare. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da wannan darasin da ka yi wa dariya, kuma duk wani kuskure da ake yi a cikinsa na riga ka yi. Zan jera maka su ba don ka tausaya mini ba, sai don kada ka ɓata yaran mutane wajen maimaita abin da na riga na gwada na ga ƙarshensa.

Kwafar da ka ce za ka ba su, da ita na fara. Lokacin ina sabuwar malama a Lakwaya, na buɗe littafi na ga yadda ake yin kek. Na cika allo da shi, da rubutuna mai kyau da nake ji da shi. Bota, fulawa, murhun gashi mai aiki da lantarki, a ajin da ko ƙwan fitila babu. Yara suka kwafa, suka haddace, suna rerawa kamar waƙa. Jarrabawa ta zo suka zuba mini shi tas, na raba maki ina murna. Bayan hutu na ce kowa ya rubuta mini yadda ake dama kunu a gidansu. Abba, ajin nan kamar an yi mutuwa. Yaran da suka sha kunu a safiyar nan, wasu ma su suka dama shi, suka zura mini ido. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba ki rubuta mana ba tukuna." Abin da na koya musu ke nan: rubutu abu ne da yake saukowa daga allo, ba abin da yake fitowa daga kan mutum ba.

Saboda haka kada ka fara da littafi, kada ka fara da allo. Ka tambaye su me suka ci jiya, wa ya dafa, wa ya tsaya ya gani. Su faɗa da baki tukuna, su yi gardama, wannan ya ce a gidansu ba haka ake yi ba. In bakinsu ya buɗe, sai ka ce to a sa a takarda. Yaro ba ya rasa abin rubutawa a kan abin da hannunsa ya taɓa.

Kuskure na biyu ya fi wannan daɗewa a jikina, domin ban ma san ina yin sa ba. Na daina kek, na koma ɗanwake, ina ganin na waye. Akwai wata yarinya Saudatu, mai tsaftar rubutu. Ga abin da ta kawo mini, har yau ina iya karanto shi da ka: "A samo gari. A kwaɓa. A jefa a ruwa. A tsame. A sa mai da yaji. A ci." Na karanta na ga ɗanwake a gabana yana tururi. Na ba ta makin da ya fi na kowa, na manna takardar a bango.

A shekarar an kawo mana wata 'yar bautar ƙasa daga kudu, sunanta Ngozi, yara suna ce mata Anti Kopa. Tana koyon Hausa da zafinta, kuma Allah Ya jarabce ta da son ɗanwaken da ake sayarwa a bakin makaranta in an tashi tara. Ta ga takardar Saudatu a bango, ta kwafe, ta tafi masaukinta. Washegari muna zaune a ofishin malamai sai ga ta da tukunya, ta dire a kan tebur ta buɗe.

"Malama Binta, ga ɗanwake naki."

Wani farin ruwa ne mai gudaji-gudaji. Malamin Arabiyya ya leƙa ya ce, "Wannan ai sai a kawo ludayi da sukari, mu yi bismilla."

Ni kuwa na hau ta da faɗa ina dariya. "Haba Ngozi! Garin masara kika sa? Ina garin wake, ina na rogo? Ina kuka, ina kanwa? Kuma wa ya taɓa jefa ɗanwake a ruwan sanyi?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ciro takardar ta shimfiɗa a gabana, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ina aka rubuta?"

Na duba. Babu kuka, babu kanwa, babu wuta ma gaba ɗaya. Duk abin da ya ɓace a takardar nan, ni na riƙa cusa shi daga kaina ina karantawa, sannan na ba yarinya maki a kan abin da ni na sani. Ita Saudatu ba ta da laifi. Haka muka tashi dukkanmu. A gidajenmu ba a koyar da girki da baki. Yarinya tana tsaye tana kallo, tana miƙo wannan tana miƙo wancan, ranar da ta tambaya nawa za a zuba a ce mata, "Ke ba ki da ido ne?" Mun saba abin da kowa ya sani ba a faɗar sa, faɗar sa ma kamar raina wa mutum hankali ne. Rubutu kuwa don wanda ba ya nan ake yin sa, wanda ba zai iya leƙa tukunyarka ba, ba zai iya tambayarka ba. Na karanta littattafai da yawa a kan koyarwa, masu kauri da marasa kauri, amma yatsan Ngozi a kan takardar nan shi ya shigar mini da wannan magana.

Daga ranar na sake salo. Nakan zo aji da gari da kwano da ruwa, in karɓi takardar yaro ɗaya, in zaunar da shi a gaba ya ɗora hannuwansa a cinya, ba magana ba nuni. Ni kuma in zama Anti Kopa. Abin da takarda ta ce shi nake yi, ba ragi ba ƙari. In ta ce a zuba gari, sai in zuba a kan tebur. Ajin ya kaure: "Malama, a kwano! A kwano!" In ce, "Ina kwanon a takarda?" In ta ce a kwaɓa ba ta ambaci ruwa ba, sai in yi ta murza busasshen gari da fuskata a murtuke. Mai takardar yana zaune kamar ya fashe. Da na sake shi, da gudu yake zuwa ya fizge takardarsa ya gyara, ba wanda ya ce masa ya gyara. Ka yi haka. Dariyar da za su yi ba rashin ladabi ba ce, kada ka ɗauko bulala. Amma ka lura, takarda ake yi wa dariya, ba yaro ba. Ka fara da ta masu ƙarfin hali, masu kunya su biyo baya.

Jan biro kuma ka ajiye shi a aljihu sai daga ƙarshe. Na taɓa mayar wa wani yaro takarda ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta, duk a kan ƙa'idar rubutu, alhali shi kaɗai ne a ajin ya jera aikinsa daidai tun daga hura wuta har sauke tukunya. Bai ƙara rubuta mini abin da ya wuce layi biyu ba. Ka fara duba ko abin zai yiwu in an bi shi. Ƙugiyar harafi da babban baƙi suna da ranarsu, kuma ranar tana zuwa, amma ba ita ce ta farko ba.

Sai maganar "kaɗan". Wannan kalma ta fi kowacce wahalar da ni a aji. Kanwa kaɗan, ruwa daidai, a bar shi ya ɗan jima. Wata rana na raba su rukuni-rukuni, na musanya takardunsu, kowane rukuni ya dafa na wani. Ban tsaya na tambayi kaɗan ɗin nan nawa ne ba. Wani rukuni suka jiƙa kanwa kamar za su ba shanu, ɗanwaken ya fito da wani irin launi, ga ɗaci har maƙogwaro. Masu rubutun suka ce an ɓata musu, masu dafawa suka ce ai kaɗan suka sa. Kowa gaskiyarsa yake faɗa, domin kaɗan ɗin gidan mutum goma ba shi ne na gidan mutum uku ba, kuma tafin hannun uwa ba shi ne na 'yarta ba. Ka samu gwangwani ɗaya da ludayi ɗaya da cokali ɗaya ka ajiye a aji, su zama su ne alƙalai. Duk wanda ya rubuta "kaɗan" ka miƙa masa cokalin ka ce ya nuna. Inda kuma awo ba ya aiki, ka sa su rubuta alama: yaya za a gane ruwa ya tafasa, yaya za a gane ɗanwake ya nuna. Yaran sun san yana nutsewa ne sannan ya taso sama, ba su dai san abin rubutawa ba ne.

Da kansu za su fara neman kalmomin da suke ɗaure aiki: da farko, sannan, bayan haka, idan ka ga kaza sai ka yi kaza, kada ka kuskura. In sun nema ka ba su. In ka ba su tun ba su nema ba, haddacewa za su yi kamar kek ɗina. Wuta kuma kai kaɗai za ka taɓa ta, a waje, yara suna nesa. Ka fara da abin da ba ya buƙatar ta, kamar damun fura ko kwaɗon garin rogo da ƙuli. A Dugabau ba za ka rasa yaran da ake tatsar shanu a gidajensu ba. Ka bar su su rubuta yadda ake kaɗa nono a fitar da mai, su ma su zama masu koya wa aji wani abu. In yaro ya kawo yadda ake yi a gidansu ya saɓa da namu, kada ka soke. Na taɓa soke wa wata yarinya damun furarta don ba irin na gidanmu ba ne, na manta ba gidanmu aka ce ta rubuta ba.

Yanzu na zo kan kuskuren da ya fi duka damuna.

Farkon da na fara shigo da gari aji, maza da mata nake haɗawa. Sai ga wani uba, Malam Ɗanjuma, ya zo da sassafe ya tsaya a ƙofar ofis ko zama ya ƙi yi.

"Malama, ni boko na kawo Lawan, ba aikatau ba. An ce jiya har muciya aka ba shi. In tuƙin tuwo ne, uwarsa tana gida, ba sai na saya masa littafi ba."

Na dubi hedimasta, ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni kuma ina yarinya, ina tsoron a ce malamar nan ta zo ɓata tarbiyya. Na ce, "Ka yi haƙuri Baba, ba za a sake ba." Kuma ba a sake ba. Shekara da shekaru, in darasin nan ya zo, sai in ce maza su fita su share fili. Su yi shara kaɗan su ɗauko ƙwallo. Ina ciki da 'yan mata muna awo muna jerawa muna gyarawa, ina jiyo ihun mazan ta taga, ina ce wa kaina na zauna lafiya da kowa.

Bara waccan na koma Lakwaya ta'aziyya. Ina tafe a bakin hanya wani magidanci ya sauko daga keke ya durƙusa. Lawan ne, har da gemu, 'ya'yansa uku. Muka gaisa, na tambayi gona, sai ya ce in zo in gani, ba nisa. Gonar wake ce, Abba. Ganyen duk ya ƙone ya nannaɗe kamar an bi shi da wuta. Maganin ƙwari ya fesa. Na ce ya nuna mini kwalbar. Ga bayani nan a jikinta, awo da komai, har da zane.

Na ce, "Lawan, ba ka karanta ba?"

Ya ce, "Na karanta mana, Malama, ai ke kika koya mana karatu. Na ga dai ƙwarin sun yi yawa ne, sai na ɗan ƙara kaɗan."

Kaɗan. Na tsaya a gonar nan kalmar tana yi mini amo a kunne. Yana iya haɗa baƙi ya karanta, wannan na ba shi. Abin da ban ba shi ba shi ne sanin cewa awon da aka rubuta ba shawara ba ce, kuma abin da aka ce a fara da shi ba a mayar da shi ƙarshe. 'Yan matan ajinsu sun koyi wannan a kan kanwa, abin ya tsaya a ɗacin baki da dariya. Shi yana waje yana buga ƙwallo, sai ya koya a kan abincin iyalinsa na shekara. Ban ce ni kaɗai na ƙona gonar nan ba, amma ina da hannu, kuma ba na son kai ma wata rana a kai ka gonar wani a nuna maka.

Tun kafin wannan na daina fitar da maza, amma tun daga ranar nake jin haushin shekarun da na yi ina fitar da su. Iyaye za su zo maka, kada ka yi shakka. Kada ka yi musu tsawa, kada kuma ka ce ba za a sake ba. Ka shimfiɗa musu tabarma, ka gaishe su da kyau, sannan ka tambaye su: mai shayin bakin tasha mace ce? Mai tsire fa, da mai gashin burodi? Ka ce musu ba girki kake koyarwa ba, jeranta aiki kake koyarwa, kuma duk wanda yake alwala ya san akwai abin da ake farawa da shi, akwai na ƙarshe. Ka ce da girki ake farawa don shi ne aikin da kowane yaro yake gani kullum, kuma kuskurensa a baki ake jin sa nan take. Daga nan za a wuce yadda ake facin taya, yadda ake zuba taki, yadda ake haɗa maganin feshi. In uba ya ji taki da feshi zai gyara zama. In ma ka ga ya sauko, ka roƙe shi ya zo aji ya faɗa wa yara yadda yake aikinsa, su rubuta, su karanta masa ya ce an yi daidai ko an tsallake.

Na san abin da kake cewa a ranka: duk wannan na ji, amma ni namiji ne, ko ruwan zafi ban iya dafawa ba. Gaskiya ne, kuma na san wanda ya jawo. Kana ƙarami, ba ka daɗe da shiga firamare ba, kullum ina jefa ɗanwake kana tsugune kusa da ni, idonka a kan tukunya, kana ƙirga waɗanda suka taso. Wata rana ka sa hannu a ƙullun ka gutsuro, ka ce, "Umma, in jefa?" Gwaggonka Laraba tana zaune a gefe ta zo wuni, ta kwashe da dariya ta ce, "A'a, Binta, ashe 'ya mace kika haifa ba mu sani ba!" Kunya ta kama ni. Na buge hannunka da bayan ludayi na ce, "Tashi ka ba ni wuri! Ka taɓa ganin babanka a nan?" Ka fita kana share hannu a riga. Ba ka ƙara tsugunawa a wurin ba. Ni da nake yini a makaranta ina koya wa 'ya'yan wasu awo da jeri, na dawo gida na kori nawa. Dariyar da ka yi ranar tafiyarka na gane ta sarai. Ta Laraba ce, ni na ɗura maka ita da bayan ludayi. Shi ya sa fushina ya kasu biyu, rabi naka rabi nawa, amma kada ka ɗauka rabin naka ya ragu.

To ga abin da ba ka sani ba. Rashin iyawar nan taka ita ce babbar sa'arka a darasin nan. Ni sai da na yi shekaru ina koyon yin kamar ban sani ba, kuma har yau hannuna yakan riga ni, in ga na ɗauko kanwa takarda ba ta ce ba. Yara kuma sun san wasa nake yi. Kai ba wasa za ka yi ba. Kai ne Anti Kopa da kanka, ba kwaikwayo. Duk abin da suka tsallake, da gaske za ka tsallake shi.

Kawunka Sale zai shiga Kabo ranar kasuwa, shi zai ba wani ya ƙarasa maka da wannan takarda tare da ɗan buhu. A ciki akwai garin wake da na rogo, kowanne a ƙullinsa ban haɗa ba. Akwai kuka, akwai kanwa, akwai yajin da kake so, da man gyaɗa a gora, da ƙaramar tukunyata mai hannu ɗaya. Ka zazzage buhun yadda kake so, ba za ka ga bayanin yadda ake yi ba. Ban sa ba, kuma kada ka wahalar da kanka da kiran ƙanwarka, na riga na gargaɗe ta.

Ka ɗauki buhun nan ka shiga da shi aji. Ka tsaya a gabansu ka ce, "Ummata ta aiko mini da kayan ɗanwake, ni kuwa ban iya ba. Wa zai rubuta mini yadda ake yi?" Za su yi dariya, ka bar su su yi. Ba za ka mutu ba. Sannan ka ga yadda yaro yake riƙe fensir in ya san cikin malaminsa yana hannunsa. Ka bi abin da suka rubuta, a gabansu, harafi da harafi. Na farko kunu za ka samu, ka ɗanɗana su gani, ka mayar musu da takardunsu. Na biyu wataƙila ya yi ɗaci. Garin da na auna maka zai ishe ka ɓatawa sau da yawa, da gangan na cika shi. Ranar da ɗanwake ya taso saman ruwa ya tsaya da kansa, ka tsame ka ci ka ƙoshi, ranar ka koyar da rubutu, kuma ba sai mai duba makarantu ya gaya maka ba.

In an yi hutu ka zo mini da takardar da ta ciyar da kai, da sunan mai ita a sama, mace ko namiji. Zan hura maka wuta a murhun da na kore ka, in koma gefe in ɗora hannuwana a cinya, ba magana ba nuni. Ka gayyato Nazifi, tunda ya ce a ajiye masa benci. Gwaggonka Laraba ni zan aika a ɗauko ta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na baki da na zuciyarka. Allah Ya ba ka haƙuri da 'ya'yan mutane, Ya sa su amfana da kai, Ya sa abin da za ka ci a aikin nan ya zama halal tsantsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da hedimasta da mai gidan da ka sauka. Allah Ya dawo mini da kai lafiya.

Ka wanke hannu kafin ka taɓa ƙullun. Wannan kaɗai na ba ka kyauta, sauran ka nema a wurin yaranka.

Wassalam,
Ummanka.